Tambaya: babban zanen fastel na shanu da makiyaya, a kan me ake yin sa, kuma yaya ake kai shi baje koli?

Gawayi_da_Alli:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka goge a aikin allin fastel mai laushi. So nake in haɗa manyan zane shida don baje koli: shanun Bunaji da Rahaji, tumakin Uda, da makiyaya da dillalan kara tsaye kusa da dabbobinsu. Girman da nake hari santimita 120 da 180 ne. Takardar da ake samu a shagunan kayan zane ba ta wuce 50 da 65, kuma da an yi mata shafi biyu ko uku sai ta daina karɓar launi. A kan me ake irin wannan aiki? Yaya ake fito da farar saniya ba tare da ta zama farin tabo kawai ba? A yi feshin nan mai riƙe garin launi ko kar a yi? Sai kuma maganar firam da ɗauka a mota. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon_Ɗalibin_Samaru:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Takardar da kake magana, ina jin Canson Mi-Teintes ce. Ba ta da laifi, sai dai kaushinta kaɗan ne, shi ya sa take cika da wuri. Fastel ba ya mannewa kamar fenti, garin launi ne yake maƙalewa a ramukan da ke fuskar abin da aka goga shi. Ramukan na cika, magana ta ƙare.

In kana da mai aiko maka da kaya daga waje, akwai takardun fastel masu kaushi: akwai Pastelmat mai kai 70 da 100, akwai kuma UART da ake sayarwa a naɗe, faɗinta ya haura mita ɗaya. In ka samu UART ɗauki mai lambar kaushi 400, ka manne ta a kan allo kafin ka fara, don ba ta barin lanƙwasar naɗin da sauƙi. Haɗa takardu ma ba sabon abu ba ne. Hoton fastel na Madame de Pompadour da mai zanen Faransa Maurice Quentin de La Tour ya nuna a 1755, wanda ke gidan tarihi na Louvre, tsayinsa ya haura mita ɗaya da rabi, kuma takardu da yawa aka harhaɗa. Amma ɓoye mahaɗa sai gwani, kuma in laima ta shiga, nan take fara buɗewa.

Abin da ya fi sauƙi a nan gida shi ne ka haɗa allonka. Samu filawud mai kaurin milimita 6 wanda bai da kumburi. Kafinta ya kafa masa katako a baya ta gefe huɗu, da guda biyu a tsakiya, in ba haka ba zai murɗe. Goge shi da samfefa. Shafa masa ruwan akirilik marar launi sau biyu, gaba da baya da gefuna. Na gaban yana hana ruwan katako fitowa ya ɓata launi, na bayan kuma yana hana allon lanƙwasa, domin in gefe ɗaya kawai aka shafa, ɗayan ne zai riƙa shan laima shi kaɗai.

Sai haɗin kaushi: jeso (farin shafen da ake fara yi wa allo kafin zane) kofi ɗaya, garin dutsen goge kaushi cokali uku zuwa huɗu, ruwa kwatan kofi. Dutsen ya zama na ainihi, mai sauƙin nan da ke yawo a kan ruwa. A daka, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi sau biyu. Ƙwaya ɗaya mai girma in ta tsallake, za ta riƙa jan layi a fuskar mutumin da kake zanawa. Diga ɗan fentin akirilik ruwan ƙasa ko ruwan toka a ciki, don kar ka fara a kan fari fat. Riƙa motsawa kana shafawa, garin yana kwanciya a gindin kwano. Shafi uku marasa kauri da ƙaramar rolar soso, na farko a tsaye, na biyu a kwance, na uku a tsaye, kowanne ya bushe tukuna. Gwada a guntun katako: in alli yana zamewa, ƙara gari, in sanda ɗaya ta ƙare a faɗin tafin hannu, gari ya yi yawa, bi shi da samfefa a hankali. Kar ka yi da yashi ko da an tankaɗe, cin alli yake kamar me.

Girman nan kuma, ka sake tunani. Masu firam za su gaya maka dalili.

Hajiya_MaiLauni:

Malam ya gama da allo, bari in taɓa dabbobin.

Yawancin manyan zanen shanu tun daga hoton waya suke lalacewa. In ka matsa kusa ka ɗauka, kai zai fito ƙato, ƙafafun baya su tsuke, kuma abin da ido bai kama a waya ba, a allon mita ɗaya da rabi kowa zai gan shi. Ja baya kamar mita 5 ko 6, ka jawo hoton, wayar tana daidai kafaɗar dabbar. Lokaci kuwa da hantsi ko bayan la'asar. Da tsakar rana inuwa duk tana ƙarƙashin ciki, jiki ya zama shimfiɗaɗɗe. Kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis za ka ga kowane iri. Fara gaida shugabannin kara, ka nemi izinin mai dabba, kuma wanda za ka zana fuskarsa ka gaya masa a fili cewa bango za a rataye ta jama'a su gani. Tafi da littafi da gawayi, domin hoto ba ya nuna maka inda ƙashi yake.

A kan allo, ja gidaje na santimita 10 da gawayi mai laushi, ka raba hoton gida-gida daidai yawansu, ka kwashe zanen gida bayan gida. Wuraren da ake yawan kuskure: gaɓar nan ta ƙafar baya da ke lanƙwasa ta baya ba gwiwa ba ce, ita ce daidai da diddige, gwiwar tana can sama kusa da ciki. Kunne yana ƙasa da ƙaho, ɗan baya kaɗan. Ƙwayar idon saniya da tunkiya da akuya a kwance take, ba zagayayya ba. Bayan kofato akwai ƙananan ƙumba biyu, mantawa da su na sa ƙafa ta zama sanda. Tozo kuma a kan kafaɗa yake zaune, yana da nauyi, ba ƙwallo aka ɗora ba. Kar ka haɗa kamanni: Bunaji fari ne mai baƙin hanci da bakin kunne da jelar wutsiya, Rahaji ja ne mai duhu da dogayen ƙahoni, Bokoloji kuwa ƙahonsa gajere ne, fatar wuyansa tana reto sosai. Makiyayi na shigowa ɗakin zai gane in ka ba wa wannan ƙahon wancan.

Farar saniya: ajiye farin allinka a aljihu sai ranar ƙarshe. Fara da alli mai tauri, ka shimfiɗa duhu da haske, ka bi da buroshi da ɗan sifirit don launin ya shiga ramuka bai cika su ba. Kar ka dirza, sifirit yana tausasa jeso, kuma allon ya yi kwanaki da bushewa kafin nan. Inuwar da ke kallon sama tana ɗaukar shuɗi-shuɗi ko shunayya mai haske, ta ƙarƙashin ciki da wuya tana ɗaukar jan ƙasar da dabbar ke tsaye a kai. Gefen rana ruwan madara ne, ba fari ba. Farin gaske sai a doron baya, saman tozo, da gefen ƙaho, kaɗan-kaɗan, da alli mafi laushi irin Sennelier ko Schmincke. Haka fatar mutum: baƙin alli kashe ta yake. Makuba, shunayya mai duhu, ruwan goro a kumatu, ɗan shuɗi a goshi inda sama ke haskawa. In mutumin yana sanye da malafa, bar fuskar cikin inuwa, ka haska haɓa da ƙasan hanci kawai.

Yi daga sama zuwa ƙasa, daga tauri zuwa laushi. Allon ya ɗan sunkuyo gaba don gari ya faɗi ƙasa, ka sa kwali a lanƙwashe ya tare shi. Kar ka hura da baki, sa takunkumi, ka goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Sayen akwati mai launi 72 asara ce a irin wannan aiki. Launi goma sha biyu zuwa sha biyar za su ɗauki kusan komai, sai ka sayi uku-uku ko huɗu-huɗu na waɗanda sama da ƙasa za su ci. Alli mai araha kuwa gwada shi: goga a takarda, rufe rabi, ajiye a taga wata biyu. Ja da ruwan hoda ne suka fi koɗewa.

Baba_MaiFiram:

Yaro, ga lissafin da aka ce ka jira. Gilashi mai faɗin murabba'in mita ɗaya, kowace milimita ta kauri kilo 2.5 ce. Naka 120 da 180, ba za a sa masa ƙasa da milimita 4 ba, wato kilo 21 da ɗoriya, gilashi kaɗai, ba allo ba firam. In ka sauko 100 da 140, milimita 3 za ta yi, kilo 10 da rabi. Mutum biyu su ɗauka, ya shiga bayan mota. In dole sai garke mai faɗi, raba shi allo biyu a jera su.

Kar gilashi ya taɓa zane. A ƙaramin aiki tazarar milimita 5 ta isa, a wannan girman bar 10, saboda tsakiyar gilashi tana lotsawa in an danna ko an kwantar. Siririn katako ake mannewa a cikin firam tsakanin gilashi da allo. Na ƙasan a bar ɗan rami a bayansa, garin da zai zubo ya faɗa ciki, kar ya taru inda ake gani. Kafin a rufe, tsayar da allon, ka bubbuga bayansa da tafin hannu, abin da zai zuba ya zuba yanzu.

Za a ce maka ka sa gilashin roba don sauƙi. Da an goge shi da busasshen ƙyalle yake jawo garin launi ya manne a cikinsa, balle da hunturu da iska ta bushe. Akwai wanda aka yi musamman ba ya ja, amma kuɗinsa zai iya fin na zanen. Bayan firam a liƙe shi ruf da tef ɗin takarda saboda ƙura da kyankyasai. Kusurwoyin baya a sa ɗan toshi don iska ta ratsa tsakaninsa da bango. Da damina, in laimar ɗaki ta daɗe sama da kashi 65 cikin 100, fumfuna na kama fastel, kuma ba a goge ta ba tare da launin ya tafi ba.

Feshi kuwa ni ban yarda da shi ba. Duhu yake sa wa launi, farin nan da Hajiya ta ce a tattala ya koma toka.

Hajiya_MaiLauni:

Baba, a shafin ƙarshe na yarda da kai. Amma a tsakiyar aiki yana da amfani: yana riƙe duhun farko, ya dawo da ɗan kaushi inda ramuka suka cika. Mai zanen Faransa Edgar Degas ma haka ya riƙa yi, shafi a kan shafi. A fita waje, a tsayar da allo, gwangwani na nesa da santimita 30 zuwa 40, a fara fesawa daga wajen allon a ratsa a wuce, sau biyu marasa nauyi. In wurin ya yi sheƙi, an jiƙa shi. Feshin gashi dai kar a kusanto da shi, rawaya yake yi daga baya.

Gawayi_da_Alli:

Na gode ƙwarai Baba, Hajiya, Malam. Na koma 100 da 140. Saura ɗauka da ratayewa. Wani ya ce in manna salatif a gicciye a kan gilashin saboda fashewa.

Baba_MaiFiram:

Wannan na hoton fenti ne, ba na fastel ba. Ɓare salatif ɗin yana sa gilashi ya jawo gari. Kwali mai kauri a kan gilashin, kwali a kusurwoyi, a naɗe da bargo. A mota fuska na kallon sama, katifa a ƙasa, kar a ɗora wani a kan wani sai da katako a tsakani da zai ɗauke nauyin. In a tsaye ne, ya ɗan kishingiɗa gilashi na sama, a ɗaure kar ya yi wasa. Kife shi ko sau ɗaya kar a yi. Direba ya san abin da ya ɗauko, ramin hanya shi ke zubar da launi. In ba a sa firam ba tukuna, rufe fuskar da takardar gilasin mai santsi, a manne ta a baya don kar ta goga.

Ɗauki hotunan aikin kafin a sa gilashi, bayan nan ƙyalli ba zai bari ba. Wajen ratayewa, igiya ɗaya da ƙusa ɗaya ba za su riƙe nauyin gilashi da allo da firam ba. Zobe biyu a jikin firam, kowanne da ƙusa mai zare da aka kafa a bango da toshin roba. Tsakiyar zanen ta zama kamar santimita 150 daga ƙasa. Je ka duba ɗakin tun kafin ranar: bangon da ke fuskantar taga zai mayar da gilashinka madubi, wanda ke jikin janareta ko ƙofar da ake bugawa zai riƙa girgiza gari, na ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki kuma yana iya ɗiga. Fitila LED daga sama, a karkace kamar digiri 30, ba mai ƙarfi ba. Gidajen tarihi haske 50 na ma'aunin luks suke ba aikin takarda. A bar wa mai kallo mita uku ya ja baya, a ja layi a ƙasa mita ɗaya daga bango. Mai share ɗakin kuma a gaya masa ƙyallen ake fesa wa ruwa, ba gilashin ba, don kar ya gangara cikin firam.