Shin kundin Around the Well ya dace da wanda bai san Iron & Wine ba?

Sabon-Shiga:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku game da Around the Well, kundin mawaƙin nan ɗan Amurka Sam Beam, wanda aka fi sani da Iron & Wine. Na fahimci cewa tari ne na waƙoƙin da ba su samu shiga manyan kundayensa ba. Shin ya dace mutum ya fara da shi, ko kuwa na masoyan da suka riga suka haddace komai ne? Abin da ke sa ni ɗari-ɗari shi ne, a ganina mawaƙi ba ya ajiye waƙa gefe sai idan ta gaza.

Mai-Jita:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan zato naka bai cika zama gaskiya ba, domin sau da yawa ana ajiye waƙa ne saboda ba ta dace da tsarin kundin da ake haɗawa ba, ko kuma an yi ta ne domin fim, ko an saka ta a bayan ƙaramin faifai wanda ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa. Kamfanin Sub Pop ne ya fitar da wannan tari a 2009, faifai biyu ɗauke da waƙoƙi 23. Faifan farko na ɗaukar gida ne, galibi murya ƙasa-ƙasa da jita, har ana jin sautin na'urar ɗaukar, irin salon kundinsa na farko, The Creek Drank the Cradle na 2002. Na biyu kuwa aikin situdiyo ne, inda wasu makaɗa suka shigo, kiɗan ya yi kauri. Wanda ya saurare su a jere zai ji yadda mutumin ya tashi daga ɗakinsa zuwa salon kundinsa The Shepherd's Dog na 2007. Kuma a nan ne za ka samu The Trapeze Swinger, mai tsawon fiye da minti tara, wadda aka ji a fim ɗin In Good Company, kuma ni dai ban san wata waƙa tasa da ta fi ta ba.

Malama Mai-Nazari:
Na yarda da bayanin Malam Mai-Jita, amma ban yarda a fara da shi ba. Waƙoƙin faifan farko suna kama da juna ƙwarai, kuma sabon kunne zai iya gajiya tun bai kai rabi ba. Haka nan akwai waƙoƙin wasu da ya sake rerawa, kamar Such Great Heights ta ƙungiyar The Postal Service da Love Vigilantes ta ƙungiyar New Order, waɗanda daɗinsu yana ga jin yadda ya sassauta su ya mayar da su nasa. Wanda bai saba da muryarsa ba ba zai gane hakan sosai ba. Gara ka fara da kundinsa Our Endless Numbered Days na 2004, sannan ka dawo.

Tsohon-Mai-Sauraro:
Akwai abin da ya kamata a duba kafin a hukunta kowane tari irin wannan, wato ko mai waƙoƙin yana raye lokacin da aka fitar da shi. Sam Beam yana raye, yana kuma kan ganiyar aikinsa a 2009, kamar yadda mawaƙi Sufjan Stevens ya fitar da The Avalanche da kansa a 2006 daga ragowar aikin kundinsa Illinois. Amma New Moon na Elliott Smith, wanda ya fito a 2007 da waƙoƙi 24, bayan rasuwarsa a 2003 aka haɗa shi, saboda haka wasu ne suka yanke abin da za a ji, duk da kuwa sun yi aikin da kulawa. Game da tambayarka, Malam, ina tsakiyar ra'ayoyin biyu: ka fara da faifai na biyu, wanda ya fi sauƙin shiga kunne, ka bar na farko sai ka saba da shi.