Dan Allah a ina waɗanda suka bar giya suke haɗuwa a Jidda?

Salamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Ni direba ne a Jidda, shekarata 9 a ƙasar nan, kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ina shan giya, irin wadda ake dafawa a ɓoye a ɗura a robar ruwa. Da can daren Juma'a kawai nake sha, amma tun da aka rushe unguwarmu a 2022 abokai suka watse na koma ɗaki ni kaɗai sai abin ya zama kullum. Sau uku ina bari, har alkawari na ɗauka a Harami, amma kwana ɗaya biyu hannu ya kama rawa zufa ta karyo barci ya ƙaurace, sai in koma. Shekaranjiya 'yata ta kira ni bidiyo daga Kano tana nuna min allonta ta kai Sabbi, sai ta ce Baba me ya sa idonka ya yi ja, wallahi kashe wayar na yi na zauna ina kuka. Na ji an ce akwai zaman da waɗanda suka bari suke yi suna ƙarfafa juna, akwai irinsa a nan? Tsorona kar kafili, wato maigidan da nake ƙarƙashinsa, ya ji in rasa iƙama, takardar izinin zamana a ƙasar.

Malam Sani Sharamansur:
Wa alaikassalam ɗan uwa. Kukan nan da ka yi alheri ne. A zamanin Annabi (SAW) an sha kawo wani sahabi kan shan giya, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Kar shaiɗan ya ce maka ƙofa ta rufe.

Maman Hanan:
Ƙanena ni nas ce, dan Allah ka karanta da kyau. Rawar hannu da zufar nan ba raunin imani ba ne, jikinka ne ya saba, kuma wanda yake sha kullum in ya yanke lokaci guda shi kaɗai a ɗaki zai iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, wasu a kwana na 2 zuwa na 3 su rikice suna ganin abin da babu, ana rasa rai a haka. Likita za ka fara gani kafin komai, akwai maganin da ake sauko da mutum a hankali. Ka kira 937 layin ma'aikatar lafiya ne dare da rana, ka tambaye su inda ya dace da kai da irin iƙamarka da inshorarka. Asibitin Irada, wanda mutane suka fi sani da Al-Amal, aikinsa ke nan kuma akwai shi a Jidda. Sannan ta robar nan ina jin tsoronta, wata akwai guba ciki mai makantar da mutum, in ka ji ganinka ya yi hazo bayan ka sha kar ka jira gari ya waye, asibiti kai tsaye.

Abu Yasir:
Yaya, ni ma na bi hanyar nan, watana 26 rabona da ita. Zaman da kake nufi shi ne na AA, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu son barin giya, a Amurka aka fara shi a 1935, mutum biyu ne da giya ta fi ƙarfinsu suka gano in suna zama suna faɗa wa juna gaskiya sun fi jurewa. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a neman cikakken sunanka. Ni ta Zoom na fara, akwai na Larabci akwai na Turanci kusan kowane lokaci, ina fakin a gefen Kornish, titin bakin teku, bayan isha'i in sa abin kunne, kyamara a kashe, sati uku ban ce uffan ba sauraro kawai nake, sai ranar da wani dattijo ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a bayan injin wanki na ji kamar ɗakina ya leƙa. Na ido da ido kuwa ka nemi NA, wato Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu son barin ƙwaya, da Larabci ka rubuta "zamalatul mudminin al-majhulin", suna zama a Saudiyya kuma a wajensu giya ma ƙwaya ce. Abin da ya fi riƙe ni shi ne mutum ɗaya da ya daɗe da bari wanda zan kira ko ƙarfe 2 na dare ne in ƙishin ya taso. Amma ka bi maganar Maman Hanan tukuna, zama ba ya maye gurbin likita.

Hajiya Ladi:
Lambar mai sayar maka fa ɗana? Goge ta yau. Kuma ka daina cin abinci kai kaɗai, ka nemi 'yan garinku ko shayi ne ku sha tare bayan magariba.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, ban zaci za a amsa min haka ba. Hajiya na goge. Gobe in na sauke yaran maigida a makaranta zan kira 937 in sha Allahu. Abu Yasir Larabcina na kasuwa ne, in na shiga zaman ban gane komai ba fa?

Abu Yasir:
Ka shiga a haka, nawa ma na kasuwa ne. In likita ya gan ka ka faɗa min ranar da ka shirya, mu shiga tare, abin da ya wuce ka in fassara maka bayan an tashi.