Muhawara: Punk na samari ne, ko tsoho ma yana da rabo?

Nura: Jama'a, jiya na ga bidiyon Iggy Pop yana tsalle a dandamali ba riga, fata duk ta saki. Mutumin nan a 1947 aka haife shi fa. Ni a ganina punk, wato kiɗan rock ɗin nan na Turawa mai hayaniya da bore, kiɗan samari ne, fushin yaron da ba aiki ba kuɗi. Wanda ya haura saba'in yana wannan abu, tsohon suna kawai yake sayarwa. Kawu Sale, na san mutuminka ne, a yi mini afuwa.

Kawu Sale: Ba komai, ɗana. Tun ina ɗalibi a Ingila a ƙarshen shekarun 1970 nake jin mutanen nan, har yau ban daina ba. Amma me Iggy ya samu a samartakar da kake magana? Faifan ƙungiyarsa Stooges na farko ya fito a 1969, bai yi kasuwa ba, na biyu ma haka, kamfani ya sallame su. Ƙwaya ta kusa gamawa da shi, har ya kwanta a asibitin ƙwaƙwalwa a Los Angeles. Mawaƙi David Bowie ne ya tallabe shi, suka tare a Berlin, ya fitar da faifai biyu a 1977. Sai da furfura ta fito duniya ta san darajarsa. Mutum ya sha wuya da ƙuruciya, yanzu abin ya fara biya, sai ka ce ya koma gida ya naɗe hannu?

Hadiza: Kawu, ni tsufan bai dame ni ba, tallan ne. A 2009 Iggy ya yi wa wani kamfanin inshorar mota talla a Birtaniya, daga baya hukumar kula da tallace-tallace ta hana tallan saboda a lokacin kamfanin ba ya yi wa mawaƙa inshora. Wato shi kansa da ya je saye, da an kore shi. Ga John Lydon na ƙungiyar punk ta Sex Pistols, wanda ya caccaki gidan sarauta a 1977, sai ga shi a 2008 cikin kayan manyan manoman Ingila yana tallan man shanu.

Abba: Man shanu! Wallahi wannan ta fi ba ni dariya. Shata ya yi waƙa har tsufa, ya karɓi kyautar attajirai, ba wanda ya zarge shi, don bai taɓa cewa yana gaba da masu kuɗi ba. Su waɗannan da bakinsu suka ce.

Kawu Sale: Abba, ka yi magana. Amma bi kuɗin man shanun ka ga inda suka tafi. Lydon ya ce da su ya farfaɗo da ƙungiyarsa ta biyu, Public Image Ltd, a 2009, lokacin da ba kamfanin da zai zuba masa ko sisi. Kuma akwai abin da ya sa na ƙara ganin girmansa. Matarsa Nora ta kamu da cutar mantuwa, shi ya zauna yana jinyarta shekara da shekaru har ta rasu a watan Afrilun 2023. A farkon 2023 ɗin ya shiga neman wakiltar Ireland a gasar waƙa ta Turai, Eurovision, da waƙar da ya yi mata, gasar da duk ɗan punk yake yi wa dariya. Bai ci ba. Ni na fi ganin jarumtarsa a nan fiye da ranar da ya yi ashar a talabijin yana ɗan shekara 20.

Nura: Wannan halin miji nagari ne, Allah ya ba mu irinsa, amma bai amsa tambayata ba. Sex Pistols sun watse a Janairun 1978 da faifai ɗaya tak. Da suka dawo a 1996, Lydon da kansa ya gaya wa 'yan jarida cewa kuɗin masu kallo ne ya haɗa su.

Hadiza: Akwai kuma waɗanda suka san lokacin tashi. 'Yan ƙungiyar R.E.M. sun rufe shago a 2011 ba faɗa ba rigima, suka ƙi komawa rangadi duk kuɗin da ke ciki. 'Yan ƙungiyar Fugazi sun yi shekaru suna riƙe kuɗin shiga a kusan dala 5, suka dakata tun 2003. Ashe ana iyawa.

Kawu Sale: Ana iyawa, 'yata, kuma ina girmama su. Amma ku lura da mawaƙan da samari ke sa hotonsu a gaban riga. Sid Vicious ya mutu yana da 21, Kurt Cobain yana da 27. Ba su samu damar ba ku kunya ba, shi ya sa kuke ganinsu tsarkaka. Joe Strummer ya tafi yana da 50, 'yan ƙungiyar Ramones huɗu na asali duk sun mutu tsakanin 2001 da 2014. Da za a tambaye ni, na fi son a ce suna nan suna tallan sabulu. Ku dubi Patti Smith. Ita ta yi wasan ƙarshe a CBGB, ɗan gidan kiɗan New York da punk ya tsiro, daren da aka rufe shi a 2006. A 2016 ta tsaya gaban sarkin Sweden a bikin Nobel tana rera waƙar Bob Dylan, baitin ya kuɓuce mata, ta tsaya ta ba da haƙuri ta ce tsoro ne ya kama ta, sannan ta ɗora. Tana dab da cika 70 a ranar. Wane yaro ne zai iya faɗin haka a gaban duniya?

Abba: To fa, Kawu ya ɗau zafi.

Kawu Sale: Ban gama ba. A 2023 Robert Smith na The Cure ya tasa kamfanin sayar da tikiti a gaba kan kuɗaɗen da ake ɗora wa masu saye a Amurka, har sai da aka mayar wa mutane dala 5 zuwa 10 a kowane tikiti. Yana da shekara 63 lokacin. Samarin mawaƙa nawa suka buɗe baki?

Hadiza: Na Robert Smith na yarda, Kawu, ya yi abin kai. Na inshora dai har gobe ban haɗiye shi ba.

Nura: Ni kuma ina ganin mutum biyu uku kawai Kawu ya tsamo daga cikin ɗari. Sauran fa, masu zagaye duniya da waƙoƙin 1977 ba sabuwa ko ɗaya?

Kawu Sale: Kawo sunayensu ɗaya bayan ɗaya, bayan isha'i ina nan.