Rolar tururi na mayar min da gashi baya, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Don Allah masu amfani da rolar tururi ku agaza min.

Gashina mai kauri ne mai murɗewa sosai, irin wanda ake kira 4C, ba na sa masa maganin miƙarwa. Na zaɓi wannan rola ce saboda sosonta yana da laushi kuma zafinta bai kai na ƙarfen gasa gashi ba. Yadda nake yi: in wanke, in busar da shi a miƙe, in raba shi ƙanana, in ɗora rola kan na'urar da ke fitar da tururin na 'yan daƙiƙu, in naɗe, in sa murfinta, in jira ta huce.

Matsalar a warwarewa take. Bakin gashin yana lanƙwasa da kyau, amma gindin sai ya takure ya yi buzu-buzu, in na taɓa in ji shi da danshi. Kafin yamma komai ya baje. Na san irin gashinmu da ya ji ruwa yake komawa asalinsa, tururi kuwa ai ruwa ne. To ta yaya wasu ke samun nasu ya kwana biyu?

Shin rolar ce ke shan tururi da yawa, ko sai na fara goge gashin da ƙarfen ya kwanta sosai? Man da nake shafawa ma yana da nauyi, ina zarginsa. Akwai wanda ya fi dacewa? Kuma da dare, hular siliki kaɗai ta isa, ko sake naɗewa kuke yi?

Na gode, Allah ya saka da alheri.