Zamanin Oko a Throne of Eldraine: kowa ya faɗi yadda suka kwashe

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wannan tambaya ta waɗanda suka buga Standard (tsarin da ake amfani da sababbin katuna kawai) a wasan kati na Magic: The Gathering a ƙarshen 2019 ce. Jerin katunan Throne of Eldraine ya fito ranar 4 ga Oktoba, zuwa 18 ga Nuwamba an haramta katin Oko, Thief of Crowns. Wajen wata ɗaya da rabi ke nan, amma har yau in an ambaci sunansa sai wani ya ja tsaki. Don amfanin sababbi: mana uku ne kuɗinsa (mana shi ne abin da katunan ƙasa ke bayarwa a biya kati da shi), yana saukowa da maki huɗu. Ya ƙara biyu ya samar da abinci, ko ya ƙara ɗaya ya mayar da halittarka ko kayan aikinka barewa mai 3/3 da ba ta iya komai, kuma ba ta dawowa yadda take. Wane dek (tarin katunan da mutum ke wasa da su) kuka riƙe a lokacin, yaya kuka yi da shi?

Mai Dinya:
Wa alaikumus salam. Ni dai ba zan ɓoye ba, da Oko na yi wasa, ban kuma ji kunya ba. Zagayen farko ka ajiye Gilded Goose, wato dinya, ta zo da abincinta. Zagaye na biyu dinyar ta cinye abincin ta ba da mana ɗaya, ga ƙasa biyu, Oko ya sauka. Ka ƙara masa biyu ya zama shida, ga sabon abinci a gaban dinya. Abokin wasa yana da ƙasa ɗaya ko biyu, da me zai tunkari maki shida? Daga nan Wicked Wolf ya biyo baya ya kama duk abin da aka ajiye, in an nemi kashe shi ya ci abinci ya gagara.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne haɗa shi da Nissa, Who Shakes the World. Ƙasar da Nissa ta tayar tana ɗauke da ƙarin ƙarfi uku. Oko ya taɓa ta, sai ga barewa mai 6/6. Mutane da yawa a nan suke miƙa wuya su fita.

Bature na Zariya:
Mai Dinya, Allah ya shirye ka. Irinku ne suka sa na daina sa manyan halittu gaba ɗaya. Na ƙona katunan musaya na manyan kati (waɗanda ake canzawa da katin da kake so a Arena, sigar wasan ta intanet) a kan The Great Henge saboda kyansa, na jera dek ɗina a kansa. In na wahala na sauke shi, ban gama murna ba ya zama barewa.

Daga baya dek mai jajayen katuna na koma. Lissafin mai sauƙi ne: in katinka na mana ɗaya ne, Oko ya mayar da shi 3/3 alheri ya yi maka. Sai na cika dek da ƙanana irin su Fervent Champion, na ɗora takobin Embercleave a sama. Kuɗinsa shida, amma kowane mahari yana rage ɗaya, kuma a tsakiyar hari ake jefa shi bayan mutum ya gama zaɓen wanda zai tare. Sara biyu, ga tattakewa. Oko na iya mayar da takobin barewa, amma sai zagayensa ya zo, in yana da sauran rai. Javier Dominguez ma da ja da kore mai Embercleave ya ci babbar gasar Mythic Championship V a watan Oktoba, lokacin ana fama da Field of the Dead da Oko a tare.

Hajjo KL:
Ina karatu a Maleshiya a lokacin, ina zuwa wani shagon kati ranar Juma'a da dare, saboda haka da takarda na buga, ba a kwamfuta ba. Abin da nake tunawa shi ne 'yan ƙananan katunan barewa sun ƙare a shagon. Wani ya riƙa yaga takarda yana rubuta 3/3 da biro yana ɗorawa a kan katin mutane.

Baƙi da kore na riƙe. Noxious Grasp kati ne da aka saba ajiyewa a gefe sai wasa na biyu, tunda kore da fari kawai yake kashewa. A makonnin nan guda huɗu nake sawa tun wasan farko, kuma da wuya ya zauna mini a hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aka kai. Matsalar ita ce Veil of Summer. Ka biya biyu za ka kashe Oko, ya biya ɗaya ya kare shi, ya kuma ja kati a kanka. Da aka haramta shi rana ɗaya da Oko da Once Upon a Time, na fi murnar tafiyarsa.

Ɗan Fagge:
Malama Hajjo, Murderous Rider fa? Ni shi na dogara da shi. Ka kashe Oko da Swift End, ɓangaren sihirin katin, ka rasa rai biyu, mahayin yana nan yana jiranka.

Hajjo KL:
Yana aiki, yallaɓai, amma duba cinikin. Kafin ka kashe shi ya riga ya bar abinci ko ya lalata maka halitta ɗaya. Uku ka biya, uku ya biya, shi ya tashi da riba. Masu shuɗi sun fi mu sauƙi, Mystical Dispute mana ɗaya ne a kan Oko, ba ya ma taɓa ƙasa.

Kawun Yara:
Ku yara kuna ta Oko, Oko. Ni mage ce ta ishe ni. Cauldron Familiar, wato magen, da Witch's Oven, wato tanderu. A jefa mage a tanderu, a samu abinci, a ba da abincin mage ta dawo, ta tsotse maka rai ɗaya. Ta tare babbar halittarka, kafin sara ya sauka an sake jefa ta a tanderu. Kamar sauro a daren zafi, ba zai kashe ka yanzu ba amma ba barci. In Mayhem Devil na fili abin ya ƙazanta, don ko kai ne ka ci abincinka sai ya harba. Shi ya sa masu wannan dek ba su cika tsoron 'yan Oko ba.

A Arena kuwa kowane zagaye sai an danna nan an danna can. Da intanet irin namu da laftof mai mataccen batiri, wasa ɗaya da mai mage sai ka riƙa addu'ar kada a ɗauke wuta. Piotr Głogowski da wannan tsari ya ci Mythic Championship VII a Disamba, bayan tafiyar Oko. Magen ba a kore ta ba sai Agustan 2020.

Mai Dinya:
Kawu, da gaskiyarka, amma a gasar Mythic Championship VI a Richmond a watan Nuwamba kusan kashi 70 cikin 100 na 'yan gasar Oko suka zo da shi. Wasan ƙarshe ma Ondřej Stráský da Paulo Vitor Damo da Rosa, duka biyun shuɗi da kore mai abinci. Mage ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Ɗan Damagaram:
Ni ban riski Oko a Standard ba. Sai da Arena ya zo wayar Android a farkon 2021 na shiga, kuma ban taɓa sa ko dala a wasan ba. A wurina katin Eldraine shi ne Bonecrusher Giant. Wani ya ce in fara kashe katunan musayata a kansa, na bi shawara. Stomp, ɓangaren sihirin katin, ya kashe ƙaramar halitta da mana biyu, zagaye na gaba ƙaton ya sauka da 4/3, wanda ya nufe shi da sihiri ya sha biyu. Duk dek mai ja da na haɗa yana ciki har Eldraine ya fita daga Standard a Satumban 2021. Haka Lovestruck Beast da Brazen Borrower. Masu Oko an mayar musu da katunan musayarsu bayan haramci, mu kuma muka ci moriyar namu har ƙarshe.

Bature na Zariya:
Ka yi sa'a ka zo bayan an kori Lucky Clover a Oktoban 2020. Da ka ga Stomp yana fita sau biyu, sau uku, Edgewall Innkeeper yana ja wa mutum kati. Fires of Invention ma an kore shi a Yunin shekarar. Shi kam Oko bai iya taɓa shi, tunda ba halitta ba ne ba kayan aiki ba.

Ɗan Fagge:
Ba wanda ya ambaci Questing Beast. Ya sauko ya kai hari nan take, huɗu a kan mutum, huɗu a kan Oko, dinya kuma ba ta isa ta tare shi ba. Akwai wanda ya gwada shi a wancan lokacin?

Mai Dinya:
An gwada shi a kaina sau da yawa. Oko na kan shida, ya sauko biyu. Zagayena ya zo, na ƙara masa ɗaya, dabbar taku ta zama barewa.