Bidiyo na farfashewa a kan AODV da OLSR a ns-3, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana. Ina neman taimako kan tura bidiyo a sadarwa mara waya wadda na'urori ke miƙa wa juna saƙo ba tare da rauta ba.

Ga tsarin a ns-3, manhajar kwaikwayon sadarwa a kwamfuta: na'urori 30, fili mita 1000 sau 1000, Wi-Fi nau'in 802.11g, bidiyon H.264 (tsarin matse bidiyo) ta UDP (hanyar turawa wadda ba ta sake aika abin da ya ɓace). Na gwada AODV da OLSR, ƙa'idoji biyu na zaɓar hanyar da saƙo zai bi. Muddin na'urorin na tsaye, lafiya lau. Da gudunsu ya kai mita 10 a daƙiƙa, sai hoto ya farfashe. A AODV hanya na yankewa, fakitoci (guntayen saƙo) su taru har a gano sabuwa, su iso a makare. A OLSR kuwa, HELLO (saƙon da na'ura ke sanar da maƙwabta cewa tana nan) duk daƙiƙa 2 ne, ana riƙe maƙwabci har daƙiƙa 6, sai a yi ta tura wa wanda ya riga ya yi nisa. Rage tazarar HELLO zuwa rabin daƙiƙa ya jawo cunkoso. Abin da ya fi damuna, idan firam ɗin I ɗaya (cikakken hoto a cikin bidiyon) ya ɓace, duk masu dogaro da shi sun lalace.

Shin akwai yadda MAC (sashen da ke miƙa saƙo kai tsaye ga maƙwabci) zai sanar da OLSR yankewar hanya nan take? Ko ba firam ɗin I fifiko ta 802.11e (tsarin fifita wasu fakitoci a Wi-Fi) ya fi? Na gode.