An ba ni gurbin kimiyyar aikace, Kawu ya ce in jira baɗi

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kaina ya ƙulle. Injiniyancin lantarki na nema a jami'a, makina bai kai ba, sai aka ba ni gurbi a digirin kimiyya da fasahar aikace, ɓangaren na'urorin awo, shekara huɗu. Kawuna, wanda shi ke ɗauke da nauyin karatuna, ya ce wannan kwas jemage ne, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi: ba za a kira ni injiniya ba, ba kuma masaniyar kimiyya ba. Ya ce in haƙura in sake jarrabawa baɗi. Mama kuwa cewa ta yi ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Saura mako biyu a rufe rajista. Don Allah waɗanda suka san abin nan su faɗa mini gaskiya, wane aiki ake yi da shi?

Wani mai aikin na'urorin awo a masana'anta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da aka ba ki shi na karanta, shi kuma nake ci da shi, don haka bari in nuna miki aikin maimakon in yi ta yabonsa. Duk masana'antar da ke dafa wani abu, ko tace shi, ko cika shi a kwalba, tana da ɗaruruwan na'urori masu auna zafi, matsin iska, gudun ruwa a bututu da cikar tanki. Yawancinsu suna aika saƙo zuwa ɗakin sarrafawa da ƙaramar wuta tsakanin miliyamfiya 4 zuwa 20. Idan tanki ba komai, 4 za ki gani, idan ya cika, 20. Me ya sa ba a fara daga sifili ba? Don idan waya ta tsinke a gane. Tanki fayau yana ba da 4, tsinkakkiyar waya ce kawai ke ba da sifili. Ranar da na fara fahimtar wannan na ji kwas ɗin ya shiga raina.

Akwai daren da allo ya nuna tanki ya kai rabi alhali ruwa na malala a ƙasa. Injiniyan da ya zana tsarin yana gida yana barci. Ni na ɗauki mita na hau, na tarar ƙaramin bututun da ke kai matsi ga na'urar ya toshe. Minti ashirin layin injinan ya koma aiki. Irin mu ake nema a matatun mai, kamfanonin magani, tashoshin wuta, wuraren tace ruwa, da asibitoci masu manyan na'urori. Ki karɓa.

Wata malamar kemistiri:

'Yata, ki ba Kawu wannan labarin cikin ladabi. A 1909 Fritz Haber ya haɗa iskar naitirojin da haidirojin ya samar da amoniya a kan teburin gwaji a Jamus, ɗigo-ɗigo take fita. Da aka zo yin ta da yawa don takin zamani, sai tukwanen ƙarfe suka riƙa fashewa, domin haidirojin a ƙarƙashin zafi da matsi mai tsanani yana cinye kabon ɗin da ke cikin ƙarfe ya bar shi ba ƙwari. Carl Bosch ne ya shimfiɗa tattausan ƙarfe daga ciki, ya huda ƙananan ramuka a jikin na waje don iskar da ta ratso ta fice. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki. An ba Haber kyautar Nobel ta 1918, an ba Bosch tasa a 1931. Tsakanin teburin Haber da buhun taki, nan kimiyyar aikace take zaune.

Amma kada ki shiga da tunanin an rage miki lissafi. Kalkulas da fiziks suna nan suna jiranki tun ajin farko.

Wani tsohon injiniya:

Ni ba zan bi sahun masu cewa ki karɓa kawai ba. Kawunki bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A duniyar injiniyanci akwai matakai uku, kuma kowanne da yarjejeniyarsa ta ƙasa da ƙasa: ta Washintan a 1989 don digirin cikakken injiniya, ta Sidni a 2001 don masanin fasahar injiniyanci, ta Dabilin a 2002 don ƙwararren ma'aikacin hannu. Kwasa-kwasan aikace da yawa a mataki na biyu suke faɗawa, wasu ma ba sa cikin ko ɗaya. Idan burinki wata rana ki sa hannu da hatimi a kan zanen tashar wuta, to sai kin san ko hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a ƙasarki tana karɓar wannan digirin, ko sai kin ƙara wani karatu a kansa. Kada ki tambayi ɗalibai, kada ki tambayi mai gadi. Ki je wurin shugaban sashen ki ce: wace hukuma ce ta tantance kwas ɗin nan, yaushe, kuma waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce ina suke aiki? Idan ya fara kame-kame, kin samu amsarki.

Wani da ya gama bara:

Baba injiniya ya faɗi gaskiya, ni ma ga nawa ƙarin. Sunan kwas ba shi ne kwas ba. Mu an rubuta mana "aikace" a takarda, amma shekara huɗu na yi ban taɓa kunna osiloskof, na'urar da ke nuna motsin wutar lantarki a allo, da hannuna ba. Guda ɗaya ne mai aiki, mu sittin, malami ya taɓa mu leƙa ta kafaɗar juna. Da na je ganawar neman aiki aka miƙo mini mitar pH, mai auna tsamin ruwa, aka ce in daidaita ta kafin in auna. Na san a littafi ana amfani da ruwan gwaji mai lamba 7 da 4 ko 10, amma hannuna rawa yake, har na manta ban ɗauraye bakin na'urar tsakanin kwalba da kwalba ba. Ban samu aikin ba. Yar'uwa, ki shiga ɗakin gwaje-gwajensu da ƙafarki kafin ki biya ko sisi. Ki duba ko ƙura ta rufe kayan. A Jamus, jami'o'in kimiyyar aikace ba sa ba mutum kujerar farfesa galibi sai ya yi shekara biyar yana aiki, uku daga ciki a wajen jami'a. Ki tambaya ko a cikin malamanki akwai wanda ya taɓa kwana a masana'anta.

Mai aikin na'urorin awo:

Abokina ka ba ni tausayi, amma wannan ciwon har injiniyancin da take so yana da shi. Maganinsa horon sanin makamar aiki. Ƙanwata, watannin da za a tura ku masana'anta kada ki nemi ofis mai sanyi. Ki bi masu kaya masu maiƙo. Ki koyi rubuta umarni ga PLC, ƙaramar kwamfutar da ke juya injina, ki ɗan iya Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ki karanta abin da ƙa'idar ISO 17025 ke buƙata daga ɗakunan gwaji da daidaita ma'auni. Firojet ɗinki na ƙarshe kuma ya zama abin da za a jona a wuta ya yi aiki.

Wata 'yar'uwa:

Tambaya ɗaya babu wanda ya yi miki. Idan fanka ko caja ta lalace a gabanki, kina jin hannunki na ƙaiƙayin buɗe ta, ko kin fi jin daɗin zama da takarda da biro kina warware lissafi? Kuma idan kin jira baɗi, me za ki canza a karatunki da zai ɗaga makin? Ni na jira shekara biyu ban canza komai ba, maki iri ɗaya na yi ta samu.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na je sashen. Shugaban ba ya nan, amma mai kula da ɗakin gwaji ya buɗe mini, na ƙirga osiloskof takwas, biyar suna aiki, har ya bar ni na murɗa ɗaya na ga layin yana rawa a allo. Ya ce an tantance kwas ɗin, sai dai bai san ko ana yi wa masu shi rajistar injiniya ba, in dawo Litinin. Yaya, amsar tambayarki: rediyon Mama sau biyu ina buɗe shi, na biyun bai sake magana ba. Baba injiniya, idan shugaban ya ce sai an ƙara karatu kafin rajista, yawanci difloma ake ƙarawa ko sai digiri na biyu? Ina so in samu abin da zan faɗa wa Kawu daren Litinin.